Ranar da Na Yafe Motar da Ba Tawa Ba

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a tsakiyar titi a mahaɗar Bata, na ɗaga hannu sama kamar mai wa'azi, na yafe abin da ba nawa ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abin haushin ma shi ne, a lokacin ji nake duk Kano babu mai kyan zuciya kamata.

Ni tela ne a Fagge. Aminina tun muna firamare shi ne Emeka, haifaffen Sabon Gari, mai shagon kayan gyaran mota. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan layinmu, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, “Ɗan Fagge” yake ce min. A gidanmu yake cin naman Sallah, mahaifiyarsa kuma ba ta taɓa manta kwanon shinkafata ranar Kirsimeti ba. Emeka ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata, ciwonsa ɗaya ne a duniya: motar tsere. Shekara da shekaru yana maganarta har muka gaji da ji, sai ga shi ya sayo ta. Ja ce, ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa, in ya tayar da ita har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Ya yi mata inshora babba, irin wadda ake gyara maka mota in ta yi hatsari, ba irin takardar nan da muke saya don nuna wa 'yan sanda ba.

Da Kirsimeti ta matso zai tafi garinsu da iyalinsa, ya ce ramukan hanya za su cinye mata ciki, don haka ba zai je da ita ba. Yana da ƙanne a Sabon Gari, yana da surukai, amma hannuna ya damƙa wa makulli.

“Ɗan Fagge, kai kaɗai na yarda da kai,” in ji shi. “Ka riƙa tayar da ita, ka ɗan zaga layi saboda batir. Layi na ce fa.”

Na ce haba, kamar ba ka san ni ba. (Ashe ni ma ban san kaina ba.)

Layin nan ya fara tsawo a hankali. Yau ya kai bakin titi, gobe ya kai Titin Ibrahim Taiwo. Ka san tela ba ya rasa sutura, sai in zuba farar shadda mai aiki har ciki, in kafa hula, in sauke gilashi. Masu gadin otal da ba su taɓa kallona a kan babur ba suka fara ɗaga min hannu. Wani mai sayar da lemo ya ce min “Alhaji”, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, na ji kalmar ta zauna min daram kamar an auna ni aka ɗinka ta.

Ranar da abin zai faru, ina cikin cunkoson Bata na taka birki, sai na ji ƙara daga baya, wuyana ya yi gaba ya dawo. Wata a-kori-kura ce, an lafta mata dilolin atamfa daga Kantin Kwari, ta shige bayan motar Emeka. Na fito na ga bamba ta rabe biyu, murfin but ɗin zuba kaya ya lotsa, fitilun baya sun zube a kwalta. Wallahi da ni kaɗai ne a wurin, zama zan yi in yi kuka.

Amma Bata ce, kafin in rufe baki an kewaye mu. Direban, wani magidanci mai furfura a gemu, ya durƙusa yana cewa birki ne ya ƙwace. Dattawa suka fara aikinsu: “A yi haƙuri Alhaji, ƙaddara ce.” “Tunda ba a rasa rai ba, ai an gode Allah.” Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Ku dubi motar mana, mai irin wannan ai ya fi ƙarfin wannan ɗan gyaran.” Wannan maganar ce ta kashe ni. Na ji kaina ya kumbura, hular ma ta yi min kaɗan.

Direban ya kira maigidansa, wani Alhaji mai shaguna a Kwari, ya miƙo min wayar. Bawan Allah nan ya ba ni haƙuri, ya ce a kai motar duk garejin da nake so, shi zai gyara. Ka ji fa, da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tilasta shi. Ni kuwa sai na dubi taron, na ga wayoyi a sama ana ɗaukata, na gyara tsayuwa na ce da ƙarfi:

“Alhaji, bar shi kawai. Motata tana da inshora. Na yafe, duniya da lahira!”

Aka ɗauki kabbara. Wata tsohuwa ta sa min albarka har da iyayena. Na kama hannun direban na tashe shi, na ce ya tafi Allah ya kiyaye gaba. Ban ɗauki lambar motarsa ba, ban ɗauki hoto ba, ban nemi 'yan sanda ba. A tunanina inshora wata rijiya ce, kai dai ka yafe wa jama'a, su kuma su ɗebo su biya.

Washegari na kai ta wurin mai gyaran jikin mota a Sabon Gari. Ya zaga ta yana tsaki, ya ce fitilun nan babu su a Kano, sai an yi odarsu daga waje, bambar kuma ba ƙarfe ba ce balle a buga ta miƙe. Sannan ya tambaye ni rahoton 'yan sanda da lambar wanda ya buge ni, wai su ne farkon abin da 'yan inshora za su nema. Na koma gefe na kira Emeka, kuma maimakon in faɗa masa gaskiya, sai na ce wani ne ya buge ni ya gudu. Sai ya ce, “Kai dai ba ka ji ciwo ba ko? To shi ke nan, ƙarfe ne.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ya katse hutunsa ya dawo, muka tafi ofishin inshorar tare. Wadda ke kula da irin wannan ƙorafi wata mata ce 'yar Zariya, Madam Saratu, mai gilashi da sanyin murya. Ta ba mu kujeru, ta ce in faɗa mata yadda abin ya faru. Na zage na tsara labari: yadda motar ta zo a guje, yadda ta yi baya ta sulale ta cikin 'yan adaidaita, yadda na bi ta da gudu a ƙafa ban cim mata ba. (Har haki na ɗan yi don labarin ya zauna.) Emeka yana gefena yana girgiza kai, yana cewa mutane ba su da tsoron Allah.

Madam ta bar ni na kai aya. Sannan ta ce, “Malam, ka tabbata gudu ya yi?”

Na ce, “Wallahi Madam, kamar walƙiya.”

Ta ɗauko wayarta, ta ɗan latsa, ta ajiye a kan tebur ta juyo mana da ita. “'Yata ce ta turo min wannan, wai in ga har yanzu akwai mutanen kirki. Ni kuma na gane motar, don ni na duba ta ranar da aka yi mata inshora.”

Sai ga ni. Farar shadda, hula a karkace, hannu a sama. Muryata ta cika ofishin nan tas: “Motata tana da inshora. Na yafe, duniya da lahira!” Ga kabbara, ga tsohuwa tana sa albarka. Wani ya rubuta a ƙasan bidiyon, wai matashin attajiri ya yafe wa talaka. Sauran ma'aikatan suka daina abin da suke yi, wani ya toshe baki da hannu. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Emeka bai kalle ni ba. Ya sa yatsa ya mayar da bidiyon baya, ya sake saurara, daidai wurin “motata”. Sannan ya ce a hankali, “Motarka.”

Madam Saratu ta yi mana bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce in sun gyara mota, su ne ke da haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar, ni kuma na sallame shi a gaban shaidu, ba da izininsu ba, ba da izinin mai mota ba. Ga shi kuma na zo na ba da labarin ƙarya. “Kai ka yafe, Malam,” in ji ta, “mu ba ka tambaye mu ba.” Ta ce za ta tura maganar sama, amma kada mu sa rai. Ba su biya ba kuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Saboda rashin kunya ba ta ƙare min ba, sai da na bi diddigin bidiyon na gano shagon Alhajin a Kwari. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce dama maganar gyaran nan ce da ya yi tayi. Ya dube ni sama da ƙasa, yana jan carbi.

“Malam, ba kai ne ka ce duniya da lahira ba? To yanzu wacce ka zo karɓa, ta duniyar ko ta lahirar?”

Yaran shagon suka fashe da dariya. Ya sa aka ba ni ruwan sanyi, na sha don ban san me zan yi da hannuwana ba, na fito.

Gyaran ya ja watanni. Na sayar da babur ɗina da keken ɗinki ɗaya na kai wa Emeka, ya karɓa, ya cika sauran. Fitilun da aka samo na hannu ne, ɗaya ta fi ɗaya haske. Fentin ma bai hau daidai ba, in rana ta daka za ka ga gaban motar ja ne, bayan kuma ja-ja. Duk wanda bai sani ba ba zai lura ba, amma Emeka yana gani, ni ma ina gani.

Ranar da aka fito da ita daga gareji na same shi yana goge ta. Na ce, “Emeka, don girman Allah ka yafe min.”

Ya ci gaba da gugarsa. “Ba motar ce ta dame ni ba. Na tambaye ka ko ka ji ciwo, kai kuma kana tsara min ƙarya.” Ya matse tsumman, ya ce, “Yafiya kuma ai ka rabar da ita a Bata, ban san ko ta rage ba.”

Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan muka yi. Muna gaisawa, in an yi rasuwa yana zuwa, bara ma mahaifiyarsa ta aiko da shinkafa. Amma da zai yi tafiya, ƙaninsa ya bar wa makulli. Kuma tun daga ranar ofishin nan bai ƙara ce min Ɗan Fagge ba. In mun haɗu sai ya miƙo hannu cikin ladabi ya ce, “Alhaji, ina wuni?”

Abin da na koya ba shi da yawa: kafin ka ɗaga hannu ka ce ka yafe, duba takardun mota ka ga sunan wa ke jiki. Ni dai na nemi a kira ni Alhaji, kuma na samu, daga bakin mutum ɗaya tak da ban so ya kira ni haka ba.