Rasuwar Ta-Zurgu, A-kori-kurar Uzairu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, rabinta kuma takaici ne zalla, ni Uzairu na Zurgu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Rano da Kibiya rasuwar motata a-kori-kura, wadda kowa ya sani da Ta-Zurgu. Ta cika ranar Litinin da hantsi a kan hanyar Kahu, ɗauke da buhunan masara, bayan doguwar jinya ta shekara uku.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki taki, ta ɗauki rake, ta ɗauki raguna, ta kai masu naƙuda asibiti ba ta taɓa tambayar 'yar gidan wane ce ba. Ba ruwanta da ƙawa. Da murfin tankinta ya faɗi a hanyar Fammar, na toshe bakin da totuwar masara, ta karɓa ba ta ce uffan ba, duk kaka kuma nakan sake mata sabuwa. Sai dai in za mu shiga Rano wajen gyara, nakan ari murfin motar maƙwabcina Isma'ila in ɗaura mata, don kada a yi mana dariya a cikin gari.

Ciwon ajalinta shi ne abin da kanikawa ke kira misin. Ana cikin tafiya lafiya lau sai inji ya riƙa yanke wuta, ta yi fut-fut-fut, ta yi fizga, ta saki fam! ta salansa har jakuna su watse. Likitanta shi ne Bello bakanike, abokina tun muna kiwon awaki tare. Ya canza fulogi, ta yi sati biyu, ciwo ya dawo. Ya wanke kafireto, ya sa sabuwar matatar mai, ta yi wata guda, ciwo ya dawo. Sau uku yana roƙona in bari ya sauke tanki ya leƙa cikinsa, sau uku ina ce masa so yake ya kwantar min da mota a tsakiyar kaka. Na kai ta Kibiya wajen Salahuddeen mai gyaran waya, ya canza koyil ya ce an gama, ko garin ba mu fita ba ta sake tari. Wani ya ce man 'yan bumburutu ne. Wani ya ce bakin mutane ne, har tofi aka yi mata a lagireto.

A nan na yi abin da nake ƙyamarsa har yau. Ranar kasuwar Rano, a ƙofar garejin Bello, jama'a na tsaye, na ce bai san aiki ba, na ce cire min kayan asali yake yi yana sa min jabu. Ya goge hannunsa da tsumma ya shige ciki. Wata bakwai ke nan, in na yi sallama zai amsa, iyakarta ke nan.

Da ta cika, babu wanda ya zo ya ja gawar sai shi. Shi kuma ya yi mata wanka. Ya sauke tankin nan a gabana, ya juye a daro. Jama'a, abin da ya fito ba ya kalluwa: ruɓaɓɓen garin totuwa ne, baƙi ƙirin, mai wari, tarin kaka uku, ya kusa mudu. Shi ke toshe hanyar mai, inji yana ta aiki da yunwa har ya ƙone. Bello ya dubi daron, ya dubi totuwar da ke bakin tanki, wadda ranar ban samu damar ɓoyewa ba. Abin da kawai ya ce min shi ne, "Ashe da wannan kake ciyar da ita."

Ta rasu ta bar taya huɗu, uku sun gama suɗewa, da batir ɗaya mai sauran numfashi, da gwangwani cike da fulogai lafiyayyu da aka cire mata bisa zalunci. Ta bar matata Barira, wadda tun ranar farko ta ce totuwa ta murhu ce, na ce mata me ta sani game da mota. Ta kuma bar wanda ya kashe ta, shi ne mai wannan sanarwa. Tir da ni.

Za a kai ta makwancinta ranar kasuwar Rano mai zuwa bayan la'asar, inda 'yan gwangwan za su karɓe ta. Babu zaman makoki, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa yi min ta'aziyya, ban cancanta ba. Amma duk wanda yake ƙofar garejin Bello ranar da na ci mutuncinsa, ina roƙonsa don Allah ya dawo ya tsaya inda ya tsaya. Daga nan za a ɗauki gawa, kuma kafin a ɗauka ina da maganar da zan janye, da irin ƙarfin muryar da na faɗe ta.

In Bello ya ga dama, ya fito.