Ranar da na zama Dakta

Jama'a, ran Talatar makon jiya na zama Dakta na tsawon minti arba'in, kuma ko fom ban saya ba.

Autata tana aji uku a firamaren da ke bayan shagon ɗinkina. Bana masu girma na jami'a suka ƙulla abin da suka kira haɗin gwiwa da makarantar, suka turo ɗalibai masu koyon malanta har talatin da biyu, ajujuwan kuwa tara ne. Malaman ainihi da suka ga banza ta faɗi, sai suka kwashe kujerunsu suka koma gindin bishiya. Mako shida ke nan Auta ba ta dawo gida da komai ba sai sassan jikin kifi. Ko daga barci ka tashe ta za ta zayyano maka su. Amma rubuta mata sunanta, sai ta tsaya tana kallonsa kamar baƙo.

Maƙwabcina mai shayi ne ya warware mini zancen. Wai darasi ɗaya ake ta maimaitawa, don ranar da mai duba ɗaliban zai zo daga jami'a ya tarar yara suna amsawa ba gargada. Ranar ba wanda ya san ta, shi ma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Raina ya ɓaci. Na sa rigar fita kunya, na ɗauki littafin awon kwastomomi don kada in je hannu rabbana, na nufi makaranta in kai kuka. Ina shiga wata ɗalibar jami'ar ta hango littafin, ta kwasa da gudu. Kafin in gama sallama an goge kujera a aji uku, an kawo ruwan sanyi, ana ta "Barka da zuwa, Dakta." Wanda aka ba kujera ai ba ya musu. Auta ta buɗe baki za ta ce Baba, na harare ta, ta haɗiye.

Malamar ajin, ɗaya daga cikin ɗaliban jami'ar, yarinya ce siririya. Ta zana kifinta tsaf, yara suka yi ta amsawa har kwanon rufi na ɗauka. Sai na tashi na goge zanen, na rubuta "kifi" a allo, na ce wa zai karanta. Aji ya yi tsit. Idon malama ya ciko da hawaye, ni kuwa tausayinta ya kama ni, don ba ita ta kar zomon ba, rataya aka ba ta.

Ana cikin haka aka ji hon ɗin mota, Dakta na gaskiya ya iso. Allah ya ƙara masa girma, bai wahalar da takalminsa ba. Gilashi ya sauke, aka miƙa masa takardu talatin da biyu, ya sa hannu a kan sitiyari, kowa ya ci da yabo, ya ce makarantu huɗu na jiran sa. Ni kuma asirina ya tonu, hedimasta ya raka ni ƙofa da maganganun da ba za su bugu a jarida ba.

Da yamma sai ga malamar a shago. Na zaci faɗa ya kawo ta.

"Baba," in ji ta, "shekarata uku a jami'a, kai ne na farko da ya zauna ya kalli koyarwata. Me zan gyara?"

Na ce ni tela ne, iyakar sanina ba a yanka yadi sai an auna mai riga.

Yanzu kullum in an tashi takan zo ta zaunar da Auta a benci, suna bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ina taka keken ɗinki ina sa ido. Jiya Auta ta tsaya gaban ƙaton allon da masu girma suka kafa a ƙofar makaranta, ta yi ta haɗa baƙi har ta fitar da kalma guda, ta sheƙo tana tambayata mene ne "inganci". Na ce ta yi haƙuri, wannan sai manya, mu nan a rubuce kawai muka taɓa ganin sa.