Minti Ukun Malam Sabo

Shekarar da kamfanin roba na Sharaɗa ya sallame mu, zaman banza ya sa na shirya fim da wayata. Ni ne jarumi mai tashi sama, Malam Sabo tsohon maigadinmu shi ne mugu. Minti uku na ba shi, don a ganina ni za a zo kallo.

Na haska wa abokan aiki a rumfar mai shayi. In na fito, sai hamma. In ya zare ido, sai tafi. Da na hallaka shi, sai wani ya ce, “Allah ya isa!”

Har yau in na doso, sai a ce, “Malam Sabo, ku ɓuya, ga makashinku nan.”