Bututun da Opa Lammert Ya Miƙar

"Opa, ashe kana raye?"

"Ina nan daram. Ke ce dai kika rame. Sana'ar ba ta ciyarwa ne?"

Haka Geke da kakanta Lammert, wanda take kira Opa, wato kaka a yarenmu, suke gaisawa tun tana sa wando a baibai, kuma duk ƙauyenmu na kusa da garin Assen an saba. Ni Jantina bango ɗaya ne ya raba gidana da nasa, shekara talatin da huɗu ina jin tarinsa da masifarsa. Ranar Juma'ar nan da misalin ƙarfe huɗu na yamma na kai masa miyar wake, sai ga Geke ta shigo da akwatin kayan aikinta.

Yarinyar ta buɗe shagonta na aikin famfo ke nan, kuma aikinta na farko shi ne na'urar ɗumama ruwa da zafin rana da ta ɗora a rufin kakan nata. Washegari Asabar mu gida goma na layin za mu zo mu duba, in ta yi mana mu ba ta namu. Rediyo kuwa tun safe yake cewa sanyin daren zai mai da ruwan kwata dutse. Na'urar ba ta tsoron wannan, domin da rana ta kau injin da ke tura ruwa sama ya tsaya, duk ruwan da ke cikin farantin da ke shan rana a saman rufi zai gangaro ya koma tanki a cikin gida, farantin ya kwana babu ko ɗigo. Geke ta kashe injin, ta durƙusa tana kallon gilashin jikin tankin. Ruwan ya dawo, amma bai kai zanen da ta yi ba. Ta hau tsani zuwa ɗakin ƙarƙashin rufi, ta sauko fuskarta kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

"Opa, wa ya taɓa min bututu?"

"Wane bututu?"

"Kada ka yi min haka. Wa ya miƙar da shi?"

"Au, wannan abin da kika rataye kamar wutsiyar tsohon kare? Ni na gyara. Ba sai kin yi godiya ba."

"Godiya? Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani sarai. Shekara arba'in da bakwai ina gini. Ko akurkin kaza ban taɓa bari ya karkace ba. Shanun yankinmu na Drenthe da bangona suke daidaita layi in za su shiga turke."

"Shanun sun fi ka hankali, su ba sa hawa rufin mutane."

"Rufina ne."

"Aikina ne. Da gangan na karkatar da shi. Gangaren nan shi ne ran na'urar. Yanzu ruwa ya kwanta a ciki, da dare ya daskare, ya fasa bututun, ya fasa farantin. Gobe mutum goma su zo su tarar ruwa na zuba ta silin ɗinka, su ce jikar Lammert ce ta yi."

"Ruwa za ki koya min? Mu da muka kori teku muka shuka dankali a gadonsa?"

"Kai ka kori teku? Kai da ko bahon wanka sai ka riƙe ƙarfe kake shiga? Ƙasar nan ce ta ɓata ka, a shimfiɗe kamar tebur. Tunda aka haife ka ba ka taɓa ganin gangare ba, shi ya sa da ka gan shi ka ɗauka ciwo ne."

Ni dai ina tsaye da tukunya a hannu, raina yana tafasa, don ni ma na ƙwallafa rai a kan na'urar nan. Tsohon nan taurin kansa ya fi bulon da yake gini da shi. Ya taɓa shigowa gidana gaisuwar rasuwar mijina, kafin ya zauna sai da ya daidaita hoton marigayin a bango.

"Jantina, faɗa mata," in ji shi. "Akwai abin da na taɓa gyarawa ya lalace?"

"Kar ka sa ni a ciki. In na buɗe baki miyarka za ta huce ban gama ba."

"Kin ji ko?" ya ce da Geke. "Shaida ta ƙi magana, saboda babu."

"Shaida tana tausayin tsufanka ne. Opa, na bar maka takarda a jikin tanki, na rubuta da manyan baƙaƙe kada a taɓa komai."

"Na gani. Ita ma a karkace kika manna ta."

Geke ta dire akwatin a ƙasa har cokula suka yi ƙara a kan tebur. Wasan ya fita daga muryarta.

"Shekara shida ina yi wa wani aiki, ina rarrafe a ƙarƙashin gidajen mutane, don in ga sunana a jikin motata. Gida ɗaya na zaɓa da na tabbata ba za a ci amanata ba. Ashe nan ne za a kashe ni."

"Kashe ki? Ke da aka haifa kina ihu har likita ya nemi canjin aiki?"

"Ba dariya nake ba."

"Ni ma ba dariya nake ba. Wa ya saya miki sukundireba ta farko? Wa ya koya miki riƙe guduma, kina buga min yatsa ina cewa ba zafi?"

"To me ya kai ka? Shekararka tamanin da ɗaya, gwiwarka tana kuka kamar ƙofar coci, me ya hau da kai tsani?"

Ya juya kofinsa a kan tebur, ya mai da hannun kofin daidai da gefen faranti.

"Egbert ya zo ranar Talata," ya ce. Egbert shi ne shugaban ƙungiyar layinmu, tsohon malamin makaranta mai baki kamar reza. "Wai yana so ya leƙa kafin Asabar. Ya hau, ya sauko yana dariya. Ya ce, Lammert, jikar taka a buge take aiki ne? Sai na hau ranar Laraba. Awa uku na yi. Na ce ba za a taru mutum goma a gidana a yi miki dariya ina raye ba."

Na so in rufe tsohon da faɗa, na kasa. Geke ta dube shi ta daɗe, idonta ya cika, amma haushin bai gama sauka ba.

"Da ka tambaye ni."

"In tambaye ki ko kin yi kuskure? Da wane bakin?"

"Da wannan da kake zagina da shi kullum."

"Wannan na wasa ne."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta ɗauki akwatin. "Tashi. Rana ta kusa faɗuwa, kuma ina bukatar mai riƙe min. Wanda ya miƙar shi zai karkatar."

"Ni? In riƙe abu a karkace da hannuna?"

"Da hannunka biyu. Jantina za ta riƙe tsani, in ka faɗo ta kauce."

Muka hau da shi da ƙyar, yana nishi yana zagin wanda ya ƙera tsanin. Geke ta kwance maƙalan da ya ɗaura guda tara, kowanne an auna tazararsa kamar za a kai gasa. Ta danna bututun ƙasa, ta sa shi ya riƙe. Ya riƙe, amma ya kau da kai gefe ya rufe ido.

"Ƙara sauke shi."

"Ya isa haka, zuciyata ba ta da ƙarfi."

"Ƙara, na ce."

"In na mutu, kar ki kuskura ki zaɓa min akwatin gawa. Sai in zame in fito ta ƙafa."

"Da an huta da haƙa rami."

Tana ɗaure maƙali na huɗu muka ji shi. Ruwan da ya kwanta ya motsa, ya gangara ta cikin bango yana ƙulu-ƙulu har ƙasa. Na sauka na leƙa gilashin tankin, na hawo na ce musu ya kai zane. Lammert ya buɗe ido ɗaya, ya dubi bututun, ya yi tsaki.

"Har yanzu mummuna ne."

"Amma?"

"Amma ya ji maganarki." Sai dariya ta ƙwace masa, har da tari.

Da muka sauko ya haɗa kofi, ya ɗauko gwangwanin biskit. Kowa ya san ƙa'idarsa, guda ɗaya ga baƙo a rufe murfi a mayar kan kanta. Ya tura gwangwanin gaban Geke, ya ajiye murfin can gefe.

"Gobe ni zan tsaya a gindin tsani," ya ce. "In Egbert ya sake cewa ya karkace, zan ce masa Lammert ne ya riƙe shi da hannunsa aka ɗaure. Ya zo ya yi min dariya in gani."