Murfin Ƙanƙarar Muslimat Ya Tashi Sama

"Ina kwanan me, ɓarawo? Riƙe gaisuwarka!"

Haka Muslimat mai zoɓo ta tari Mainasara a shagonsa na gyaran rediyo, ranar kasuwar Birnin Gwari. Farin soson nan na kwalin firji, wanda take rufe ƙanƙara da shi, ya yi ɓatan dabo, ga ƙanƙara tana zama ruwa. Ba ta tambayi kowa ba. Ɗan gwaggonta ne, taubashinta, kuma ƙato mai furfura da ba ya jin kunyar wasa da ɗan jirgin sama na soso.

"Uwargijiyata, bawa ai ba ya sata a gidan iyayen gijinsa. Ɗauka na yi."

"To, ajiye."

"Na riga na yanka."

Ta duba. Ga murfinta an raba biyu, an goge, an manna a jikin jirgi.

"Innalillahi! Mainasara, da 'ya'yanka har na sakandare?"

"Ki saurara. Gudu ya yi wa jirgin yawa. Na farkon, kafin in juya shi da rimot ya tsallake makaranta ya faɗa daji."

"Sai ka bi shi mana, jarumi."

"Dajin nan? A yanzu? Ko uwata ce ta faɗa sai dai in yi mata addu'a."

"Zan gaya wa Gwaggo."

"Ta sani. 'Yan sintiri kuma sun ce in wannan ya sake wuce filin makaranta, sai sun ƙona shi. Shi ya sa na faɗaɗa fiffike, na lanƙwasa shi kaɗan, na sa ƙaramin batir. In ya yi faɗi ba nauyi, sai ya riƙa tafiya a hankali kamar ke in za ki masallaci."

"Ni ce ba nauyi?"

"A'a, faɗin nake nufi."

Ta rarumi sukundireba, ya kare kansa da jirgin. Haushin shi ne ba inda za ta kai ƙara. Ko mai unguwa dariya zai yi, ya ce wasan taubasai ne.

"Zoɓona fa? In sayar da shi da zafi kamar shayi?"

"Ki fito ki gani tukuna."

Ya cilla jirgin. Abin ya ɗaga yana lilo, ya bi saman rumfuna a natse. Masu doya suka ɗaga kai. Sai wata ta kwaɗa murya: "Zoɓon Muslimat, a taɓa a sha mari!"

Muslimat ta daskare. Rubutun da ta yi da jan fenti don ɓarayin murfi ne, ga shi ɓaro-ɓaro a ƙasan fiffike.

"Kin gani? Da gudun da, wa zai karanta?"

"Ka tona mini asiri a kasuwa!"

"Duba rumfarki."

Mutane sun fara taruwa suna tambayar ina mai marin. Mainasara ya jawo bargonsa daga bayan benci ya miƙa mata.

"Na tuba, ranki ya daɗe. Lulluɓe ƙanƙarar da wannan, ni na kwana da sanyi."

Ta fizge, ta shinshina, ta yatsina fuska. Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne.

"Ƙazami. Ƙara rage masa gudu, 'yan ƙauyen Kusasu ba su gama karantawa ba."