Rasuwar Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya fi baƙin ciki ɗaci, malamin ofishin ƙarshen baranda yana sanar da rasuwar abokin aikinsa, Mai Ƙafa Uku, wanda ajali ya riske shi a kan teburin ofis.

Marigayin samfurin furotin ne da malam ya ƙera da hannunsa: wayoyin ƙarfe uku a murɗe a matsayin ƙafafu, sifirin na tsohon sirdin keke, da rariya biyu da aka lulluɓe da ƙyalle a matsayin tantanin ƙwayoyin halitta. Aikinsa nuna wa ɗalibai yadda wata ƙwayar cuta, da ta shige cikin gadon halittar kakanninmu tun fil azal ta ƙi fita, ta bar mana furotin da mabiyiya ke haɗe ƙwayoyinta da shi. Yakan miƙe, ya cafki rariya ta sama, ya lanƙwashe, rariya biyu su zama ɗaya. Ƙiii... ƙyas! Duk wanda ya ji wannan ƙara bai ƙara faɗuwa jarrabawa a kan batun ba.

Mai haƙuri ne. Bai taɓa neman lantarki ba, bai taɓa daskarewa a tsakiyar darasi ba, ba kamar wasu ba.

Jinyarsa ta fara ne ranar da sabon malami, wani dakta, ya tare a ofishin da ke maƙwabtaka, da ƙaton allon kwamfuta inda furotin ke juyi cikin launi kamar amarya. Ɗalibai suka kwashe kujeru suka koma can. Malam bai ɓoye ba, abin ya ci masa rai matuƙa. Ya riƙa buɗe ƙofa yana lanƙwasa marigayin da ƙarfi don ƙarar ta ratsa bango. Sifirin ya gaji. Ƙiii... shiru.

Ya rasu ya bar rariya biyu marayu, da akwatin kwali, da ɗaliba ɗaya da ba ta sami kujera a can ba.

Ita ce ta ja malam ya leƙa allon maƙwabci a karon farko. Sai ga ƙafa ta uku ta furotin da ke kan allon a karkace, daidai inda marigayin ya lotse da ya faɗo daga kan kabad. Ashe hoton marigayin dakta ya ɗauka da wayarsa lokacin da ya zo gaisuwa, ya sa a allonsa. Marigayin ya shige gidan wani ya zauna, kamar ƙwayar da ya yi rayuwarsa yana kwaikwayo, kuma babu sunan malam ko a gefe.

Za a yi jana'iza gobe bayan darasi, a durowar ƙasa ta teburin malam. Ana gayyatar ɗalibai, in sun tuna hanya. Dakta ma yana iya zuwa, amma ya bar wayarsa a waje.