Wanda Ya Taya Jarrabawa

Wani ne mai sayar da tayil da tukwanen banɗaki a wani kamfanin kayan gini. Ya daɗe a bayan kanta, ga baki, ga iya ciniki. In ka shigo neman kan famfo guda, sai ka fita da bahon wanka a bayan mota kana yi masa godiya. Shi ya sa a ganinsa duk abin da ake kira kasuwanci a aljihunsa yake kwana.

Wata rana Darakta ya tara ma'aikata ya ce za a buɗe sabon reshe, ana neman manaja. Sai dai masu kamfani sun kafa sharaɗi: sai wanda ya samu gurbin digiri na biyu a makarantar kasuwanci. Kamfani zai ɗauki nauyin karatun. Amma kafin makarantar ta ko kalli mutum, sai ya zauna wata jarrabawa ta kwamfuta, wadda duk mai neman shiga yake yi.

Gogan naka ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, jarrabawar me aka ce?"

"Ta shiga makarantar kasuwanci."

"Kasuwanci dai? Saye da sayarwa?"

"Kusan haka."

"To a sa sunana. In akwai biyu ma a haɗa min."

Akantan kamfanin, wanda shi ma kujerar yake hari, ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya gan shi, ya ce a ransa, yi dariyarka, kai da ko ƙusa ba ka taɓa sayarwa ba.

Da ya koma gida, tun daga bakin ƙofa ya ce wa matarsa, "Ki fara sabawa. Kwanan nan matar manaja za a riƙa kiran ki."

Kafin ya cire takalmi ta kira mahaifiyarta. Kafin ya wanke hannu yayarta ta ji. Yana cikin cin abinci surukinsa ya bugo waya yana sa albarka, har yana cewa dama shi tun ranar farko ya ga alamar shugabanci a goshin yaron nan. Daga nan babu sauran ja da baya.

Aka ce masa akwai ajin share fage a saman wani kantin magani. Ya je. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana kuka, ga farin allo, ga samari da 'yan mata masu tabarau kowa ya duƙufa a kan littafi mai kaurin bulo. Malamin wani siriri ne mai ɗamarar wuya. Ya ɗauki alƙalami ya fara.

"Wani ɗan kasuwa ya sayi firji. Ya ƙara kashi ashirin cikin ɗari a kan kuɗinsa, daga baya ya yi rangwamen kashi ashirin. Riba ya ci ko faɗuwa ya yi?"

Mutumin ya ce, "Malam, wa ya ce masa ya rage?"

"Tambaya ce kawai."

"Mai sayen ɗan'uwansa ne?"

"Babu mai saye, bawan Allah. Misali ne."

"Babu mai saye kuma ya rage kuɗi? Shi kaɗai a shago? Wannan ai ba lissafi yake buƙata ba, asibiti za a kai shi."

Ajin ya fashe da dariya. Malamin ya haɗiye miyau ya wuce gaba. Ya ce akwai wasu tambayoyin da ba amsa ake so ba, so ake kawai ka faɗi ko bayanin da aka bayar ya isa a gano amsar.

"Bai isa ba," in ji mutumin.

"Ai ban karanta tambayar ba tukuna."

"Ko ka karanta bai isa ba. Ni sai na ga kaya da idona. Firjin nan ma da kake ta magana, yana sanyi?"

Malamin ya sassauta ɗamarar wuyansa, ya sha ruwa. Sannan ya ce to bari ya faɗa musu abu mafi muhimmanci. Kwamfutar nan auna mutum take yi. In ka amsa daidai, sai ta ƙaro maka mai wuya. In ka faɗi, sai ta sassauto da mai sauƙi.

Nan take mutumin ya gyara zama.

"Malam, maimaita."

Ya maimaita.

"Wato in ta ga kana da shi, sai ta tsauwala maka?"

"E, to, kana iya cewa haka."

"In kuma ta ga ba ka da ko sisi a ka, sai ta sauko?"

"Haka ne, amma shi maki ana ba da shi ne bisa ga..."

Mutumin ya riga ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Tsaya mana ka ji ƙarshen maganar!"

"Malam, Allah ya saka da alheri. Daga nan kuma fagena ne. Ni za a koya wa ciniki?"

A gida ya ce wa matarsa, "Na gano lagon kwamfutar nan. Irin dillalan nan ce marasa tsoron Allah. Ka je mata da babbar riga ta ninka maka kuɗi. Yaran nan masu tabarau za su shiga suna nuna mata sun iya, ta yi ta jibga musu. Ni a matsiyaci zan je mata."

"Maigida, ba za ka ɗan duba littafin ba?"

"Littafi na wanda bai san hanya ba ne."

Ranar jarrabawa ya zaro wata koɗaɗɗiyar riga da yake sawa in zai wanke mota, ya zura silifas. Matar ta bi shi da kallo.

"Haka za ka tafi? Manaja guda?"

"An ce akwai kyamara a ɗakin. Kina so ta gan ni da kwat ta yanke min farashi?"

Wurin jarrabawar a hawa na sama yake, shiru kamar asibiti, sanyin na'ura har ƙashi. Wata mata ce a teburin shiga, fuskarta ba wasa. Ta ce ya juye aljihunsa a saka komai a akwatin ajiya. Ya fito da tef ɗin awo, da gutsuren tayil kala uku, da damin katin kasuwancinsa. Kafin ta karɓe katin ya raba wa mutum huɗu da ke layi. Ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙafa, ya girgiza kai.

"Hajiya, wa ya yi muku wannan aikin? An cuce ku. Ji fa, ƙasansa rami ne."

"Malam, ɗora tafin hannunka a kan wannan na'urar."

Ya ɗora. Wata 'yar fitila ta haska.

"Au, har duba kuke yi? Me ta gani? Akwai manaja a ciki?"

"Tantance ka take yi, kada wani ya zauna maka."

"To tunda hannun yana kai, ki ɗan duba min layin arziki."

Ba ta ko murmusa ba. Ta raka shi ciki, ta zaunar da shi a wani ɗan akurki gaban kwamfuta, ta nuna masa agogon da ke ƙirgawa a kusurwar allon, ta koma bayan gilashi inda take hango kowa.

Tambayar farko ta fito. Abin mamaki, ya san amsarta sarai, lissafin faɗin ɗaki ne, abin da yake yi kullum. Hannunsa har ya nufi amsar, ya janye shi da sauri. Ya ce a ransa, ka ga tarko. Ya zaɓi wadda ta fi kowace nisa da gaskiya, ya langaɓar da kai gaban kyamara.

"Kin gan ni nan, baiwar Allah," ya raɗa mata. "Ba ni da komai."

Ta biyu ta fito, ta ɗan fi sauƙi. Ya murmusa. Ya sake faɗuwa da gangan. Ta uku ta ƙara saukowa. Daɗi ya kama shi. Ya leƙa maƙwabcinsa, wani saurayi mai tabarau da ya dafe kai yana zufa cikin wannan sanyi, allon rubutunsa ya cika da lissafi. Tausayi ya kama mutumin. Allah sarki, yaro ya nuna kuɗinsa tun daga bakin ƙofa.

Ya ci gaba da tayi. Tana saukowa yana ƙara turjewa. Can sai ta kawo wata da ya ga kamar ta ɗan ɗaga. Ransa ya ɓaci. Ya tura kujera baya, ya miƙe, ya kama hanyar ƙofa a hankali, yana waiwaye.

Matar ta fito da sauri. "Malam, ina za ka? Ba a tashi sai an ɗaga hannu."

"Ba tafiya zan yi ba, Hajiya. So nake ta kira ni."

"Wa?"

"Ita. Bari ki gani, ina kaiwa bakin ƙofa za ta ce dawo mu daidaita."

"Malam, agogonka yana tafiya. Ka zauna ko in rufe maka gaba ɗaya."

Ya dawo ya zauna yana gunaguni, wai an ɓata masa ciniki ana dab da sallamawa. Duk da haka dabarar ta yi aiki a ganinsa, don tambayar da ta biyo baya ko ɗan firamare zai amsa ta yana tsalle. Ya dube ta, ya shafa gemu. Ya ce a'a, wadda ta sauko har nan, akwai sauran ragi a bakinta. Ya sake faɗuwa.

Sai da ta kai inda babu sauran ƙasa, sannan ya nannaɗe hannun riga.

"To yanzu kika yi magana. Allah ya sa albarka, na saya."

Ya amsa ɗaya daidai. Ya amsa ta biyu daidai. Yana shirin ta uku allon ya ɗauke, ya rubuto cewa lokaci ya cika.

Haka ya yi wa sashen karatu da fahimta. Aka kawo masa dogon bayani a kan ƙaurar wasu tsuntsaye, ya ce shi bai ga abin sayarwa a ciki ba, ya taya shi a wulaƙance. Da aka zo inda ake so ya rubuta sharhi a kan hujjar wani kamfani da cinikinsa ya ja baya, sai ya rubuta musu cewa matsalarsu daɓe ce, ya sa lambar wayarsa a ƙasa.

Ya fito yana taku ɗai-ɗai. Matar ta buga sakamakon, ta dube shi, ta sake duban mutumin, ta miƙa masa. Lambobi ne birjik, bai gane kansu ba. Amma can gefe ya hango lamba ɗaya tsaye ita kaɗai, da 'yar alamar kashi a jikinta.

"Hajiya, wannan ɗayan fa?"

"Matsayinka ne a cikin waɗanda suka zauna jarrabawar."

"Duka? Har na ƙasashen waje?"

"Duka." Ta ƙara da cewa, "Gaskiya, Malam, tunda na fara aiki a nan ban taɓa ganin irin wannan ba."

"Ba kuma za ki ƙara gani ba," in ji shi. Ya bar mata gutsuren tayil ɗaya kyauta.

Tun a matakala ya kira gida. "Na ɗaya! A duniya!" Matar ta saki ihu har wayar ta faɗi. Kafin ya iso, falo ya cika. Surukinsa ya zo da kansa, ya rungume shi, ya ce a ba shi takardar ya taɓa. Yayar matar ta ce ita dai kada a manta da ɗanta in an fara ɗaukar ma'aikata. Mutumin ya ce a kawo takardun yaron, zai duba.

Washegari ya biya wurin mai hoto aka sa wa takardar firam mai ruwan zinariya. Ya sa kwat ɗin da kyamara ba ta gani ba. Ya shiga ofis ana tsakiyar taron safe, ya wuce Akanta ko kallonsa bai yi ba, ya ajiye firam ɗin a gaban Darakta.

"Yallaɓai, a ba ni makullin reshe."

Darakta ya ɗauka ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Kai, ka san ma'anar wannan ɗayan?"

"Na ɗaya, Yallaɓai. Ai ba ta da wata ma'ana."

"Ba na ɗaya ba ne. Kashi ɗaya cikin ɗari ne. Ma'ana, in aka jera mutum ɗari da suka zauna jarrabawar nan, mutum ɗaya ka fi. Sauran duk suna gabanka."

Sai Akanta ya ƙware da shayi, ya yi ta tari yana dukan tebur, hawaye na zuba. Mutumin ya tsaya ƙiƙam. Ya tuna surukinsa da ya taɓa takardar ya shafa a fuska. Ya tuna matarsa da ta riga ta gaya wa duk layinsu. Zufa ta karyo masa a cikin kwat.

Can ya ce, "Yallaɓai, mutum ɗaya na fi?"

"Ɗaya tak."

"Kuma tabbas ne? Kwamfutar ce ta faɗa da bakinta?"

"Ita ta faɗa. Ga shi a rubuce, har ka sa masa firam."

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara wuyan kwat.

"To ai magana ta ƙare, Yallaɓai. A nemo min shi ya zama mataimakina, mu je mu buɗe reshen."